Daga Kusa Zuwa Maɗarumfa A Kan Babur



Idan aka ce wance ta je ƙasar waje, abin da yake fara zuwa ranmu shi ne jirgin sama da fasfo da biza, da 'yan rakiya cike da filin jirgin Malam Aminu Kano, da akwatunan tsaraba daga Jidda ko Dubai. Shi ya sa da yawanmu muka sa wa ranmu cewa ganin wata ƙasa sai matar Alhaji ko 'yar mai hali. To ni dai mutuniyar Kusa ce, cikin ƙaramar hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, kuma a wurinmu ƙasar waje kamar sunan garin namu take. Man da bai cika galan guda ba ya ishi babur ya kai ki ƙasar da tutarta daban, kuɗinta daban, kakin 'yan sandanta daban, ya kuma dawo da ke ɗakinki.

A can ƙasashen Turawa wannan irin tafiya sana'a ce mai zaman kanta. Mutum zai tara kuɗi ya je Italiya, yankin da ake kira Toskana, a ba shi hayar Vespa, a haɗa shi da wasu baƙi 'yan uwansa, jagora yana gaba suna binsa a jere cikin gonakin inabi da zaitun, a tsaya a wannan ƙauye a ci abinci, a tsaya a wancan a ɗauki hoto. Wasu kuma Biyetnam suke zuwa, su zagaya duwatsun Ha Giang kusa da iyakar Sin. Vespa ɗin nan ita ce dai wadda iyayenmu malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati suka yi yayinta. Kamfanin Piaggio ne ya fara ƙera ta a 1946, kuma ma'anar sunan da harshensu ita ce zanzaro, saboda siririn ƙugunta da ƙarar injinta. Abin da suke biyan maƙudan kuɗi su yi, mu nan bakin iyaka mun daɗe muna yinsa ba mu ba shi suna ba. Bambancin kawai shi ne su baƙi suke zuwa gani, mu kuwa dangi.

Kada ki yi mamakin dangin. Lokacin da Malam Ummarun Dallaje ya ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe da jama'arsu suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajen 1819, shi ya sa sarautar can ake ce mata Sarkin Katsina. Daga baya Ingila da Faransa suka yi ta zama kan taswira a 1898 da 1904 da 1906, sannan tsakanin 1906 da 1908 Turawan awo suka bi daji suna kafa alamu. Layin da suka ja bai tambayi wa ya auri 'yar wa ba. Ya bar gonar mutum a nan, rijiyarsa a can, ya bar uwa a hannun Ingilishi, 'yarta a hannun Faransi. Innata haifaffiyar wani ƙauye ce kusa da Maɗarumfa, aure ne ya kawo ta Kusa, kuma a unguwarmu da wuya ki ƙirga gida uku a jere ba ki sami mai irin wannan labari ba.

Tafiyar da nake son ba ku labari mun yi ta ne da kakar 2017, bayan an gama yankan gero, lokacin bikin 'yar ƙanwar Inna. Akwai motocin haya da ke bin kwalta zuwa Maraɗi, amma ƙauyen namu ba ya kan kwalta, don haka aka yanke shawarar a tafi da babura. Guda tara ne suka taru a ƙofar gidanmu bayan sallar asuba, bakwai manya, biyu kuma ƙananan nan da ake ce wa roba-roba. Mu mata takwas ne, kowacce da mai ɗaukarta, wata mijinta, wata ƙaninta, wata ɗanta. Ni ƙanena ne ya goya ni, Maigida ya tsaya wajen ɗaurin dawa, amma shi ya zuba mana mai ya kuma ba ni abin gudummawa. Na tara shi ne na Kawu, ƙanin Inna, wanda ya yi shekaru yana kabu-kabu tsakanin Ɗan Isa da ƙauyukan Gulbi. Shi ne jagoranmu, bai goyi kowa ba sai kwanukan amarya da buhun shinkafa.

Kafin a tayar da inji ko ɗaya sai da Kawu ya tara mu ya kafa mana doka, yana ƙirgawa da yatsu. Ba mai wuce jagora ko da hanya ta yi kyau. Kowa ya bar tazara tsakaninsa da na gaba saboda ƙura. Kowane direba shi ke da alhakin na bayansa, idan ya waiga bai gan shi ba ya tsaya, ta haka tsayuwar za ta iso har gaba. Na ƙarshe a jere shi ne yaron da ya iya gyara, yana riƙe da famfo da kayan faci da filogi. Sannan ya juyo wajenmu ya ce, "Ku kuma mata, kowacce ta tattare hijabinta ta danne shi a ƙarƙashinta. Taya ba ta san atamfa mai tsada ba, in ta kama bakin mayafi sai ta kai ki ƙasa. Kuma ku kula da salansa wajen sauka, ku sauka ta hagu."

Gwaggo ta ce, "Kai dai ka cika tsari kamar soja."

Ya ce, "Yaya, ai ni zan amsa tambaya in an rasa ɗaya."

A Magama muka tsaya wajen jami'an Nijeriya, Kawu ya karɓi katin shaidar kowa da takardun babura ya shiga da su. Nan kuma muka yi canji, aka ba mu sefa. Wannan shi ne darasi na farko ga wadda ba ta taɓa zuwa ba, domin mutanen Nijar da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa biyar ce, jika ɗaya kuma sefa dubu. Idan mai ƙosai ta ce miki dala ashirin, sefa ɗari take nufi. Muka wuce zuwa Ɗan Isa wajen duwan da jandarmomi, aka sake duba takardu, Kawu yana gaisawa da wannan yana tsokanar wancan, sai ga mu cikin Jamhuriyar Nijar rana ba ta yi zafi ba. Na duba dama na duba hagu, gero dai shi ne gero, rumbu shi ne rumbu, yaran da ke ɗaga mana hannu da Hausa suke ihu. In ba allunan gefen hanya da aka rubuta da Faransanci ba, da dogon burodin da ake jerawa a faranti, ba abin da zai gaya miki kin bar gida.

Bayan Ɗan Isa kaɗan Kawu ya saki kwalta ya yanki hanyar ƙasa, a nan ne fa tafiya ta fara daɗi. Wadda ke cikin mota, an cusa ta tsakanin buhu da buhu, ba abin da take gani sai ƙeyar direba. A kan babur kuwa komai naki ne. Ƙamshin harawar wake da ake ɗaurewa a kan bishiya zai bugo ki, ki ji sanyin fadama ya taɓa fuskarki kafin ki gan ta, ki ji sautin mata suna sussuka tun daga nesa. Duk wanda kika wuce sai kun gaisa, mai amalanken shanu, da 'yar Fulani mai tallan nono, da tsoho a kan jaki. Ba gilashi tsakaninki da mutane.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan itatuwa a tsakiyar gonakinsu. Mu da muke ɗaukar Nijar hamada ce, sai ga gawo da kalgo da sabara da aduwa birjik, an sassabe su tsaf. Da muka tsaya shan ruwa na tambayi Kawu, ya ce ai wannan shi ne sassaben zamani. Maimakon manomi ya tumɓuke kututture idan ya yi toho, sai ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bar su, ya datse sauran, cikin 'yan shekaru sun zama bishiya. A jihar Maraɗi abin ya faro wajen 1983, da ƙoƙarin wani Bature ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo tare da manoman yankin, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa itatuwan da suka dawo ta wannan hanya a Nijar sun kai miliyan 200. Gawo kuwa kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi kore ya ba dabba inuwa da abinci. Ni abin da na hango a ciki na mata ne. Matar da a da take yini guda neman itacen girki, yanzu daga gonar mijinta take samo shi.

Da muka gangara wajen Gulbi sai yashi ya fara. Manyan babura suna kutsawa, amma roba-roba ƙafarsa ƙarama ce, sai ya riƙa wutsil-wutsil kamar kifi. Kawu ya tsayar da kowa, aka rage wa tayoyi iska kaɗan don su baje a kan yashin, mu mata muka sauka muka taka da ƙafa, takalma a hannu, muna dariyar Gwaggo da ta rantse ba za ta sauka ba sai da babur ɗin ya kwanta da ita a hankali. Wannan gulbi da muka tsallaka a bushe, ruwanmu ne na gida. Shi ne wanda aka datse a Jibiya da madatsar da aka gama a 1989, in ya ƙetare iyaka sai sunansa ya koma Gulbin Maraɗi. Ruwan da muke wanki da shi, shi ƙanwar Inna take ban ruwan albasa da shi.

Gaba kaɗan ƙayar aduwa ta huda tayar ɗaya daga cikin roba-roba. Dokar Kawu ta yi aiki, na gaba ya waiga ya tsaya, na gabansa ma haka, cikin ɗan lokaci duk mun taru a gindin wata tsamiya a bakin wani ɗan ƙauye da ban taɓa jin sunansa ba. Yaro yana faci, sai ga wata tsohuwa ta fito da tabarma da ƙwaryar ruwa.

Ta ce, "Sannunku da tahiya. Ku zamna, ku zamna. Daga ina?"

Inna ta ce, "Daga Kusa, Iya, wajen Jibiya."

Tsohuwa ta ƙura mata ido ta ce, "Ke ɗiyar wa ce? Wanga goshi na san shi."

Inna ta faɗi sunan mahaifinta da na ƙauyensu. Sai tsohuwar nan ta tafa hannu ta rungume ta, ashe tare suka yi tallar fura da kakata suna 'yanmata. Kafin a gama faci an dama mana fura, an kawo kwaɗon zogale da ƙuli, an kira matan gida uku su zo su ga jikar wance. Wallahi 'yan uwa, na sha cin abinci a gidajen biki masu kujeru da rumfa, amma ban taɓa jin an karɓe ni kamar ranar nan a gindin tsamiya ba. Da mota muka bi, da mun wuce tsohuwar nan har abada ba ta san mu ba, ba mu san ta ba.

Da hantsi muka iso tafkin Maɗarumfa. Ki yi tunanin mutumin da ya saba da ruwan rijiya da na kududdufi, sai ga ruwa shimfiɗe, masunta a cikin kwalekwale, balbela da kirinjijiya suna tashi garke-garke, shanu suna gangarowa sha. Mutanen garin suna cewa waliyyai casa'in da tara ne ke kwance kewaye da tafkin, kuma jama'a kan zo ziyara daga Nijar da Nijeriya. A 2019 an sa shi cikin jerin wuraren ruwa da duniya ke kiyayewa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, saboda tsuntsaye da kifin da ke cikinsa. Mu dai soyayyar karfasa muka saya da yaji, muka ci a tsaye, Inna tana nuna mana inda suke zuwa wanki tana yarinya. Ban taɓa ganin fuskarta ta yi haske irin na ranar ba. A Kusa ita matar wane ce, uwar su wance. A bakin tafkin nan kuwa sai na ga yarinyar da aka ɗauko aka kai aure wata ƙasa tana da shekara goma sha biyar.

Kwana biyu muka yi a gidan biki. A can na haɗu da wata 'yar ƙanin Inna, sa'ata, malamar lakwal ce, wato makarantar boko. Da nata roba-roba ta zo, ita ke tuƙa kanta, da hijabinta har ƙasa ta tattare shi tsaf, goyo a baya. Na ce, "'Yar uwa, ba kya jin tsoro? Mutane ba sa magana?"

Ta yi dariya ta ce, "Maganar mi? Maigida ne ya saya mini. Da in hau bayan ƙaton da ban sani ba kullum, ba gara in tuƙa kaina ba?"

Na rasa amsar da zan ba ta, kuma har yau ina juya maganar. Ba cewa nake kowacce ta je ta sayi mashin ba, kowane gari da al'adarsa, kowane gida da tsarinsa. Amma da ban je ba, da ban san cewa Bahaushiya irina, mai tarbiyya irin tawa, tana rayuwa ta wata hanyar da ban taɓa zato ba. Gani ya kori ji.

Yanzu bari in zo ga abin da ya sa na ɗauki biro. Wannan tafiya ita ce ta ƙarshe da muka yi a haka. A watan Agusta 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai daga Disamba 2020. Kafin nan kuma 'yan bindiga sun addabi dazukan Jibiya da Batsari da Zamfara har zuwa kudancin Maraɗi, su ma a kan babura suke zuwa, a jere. Jerin babura da a da in an hango ƙurarsa yara ke fita da gudu suna ga 'yan biki nan, sai ya zama in an ji ƙararsa uwa ta suri ɗanta ta yi cikin dawa. A 2021 gwamnatin Katsina ta hana goyon mutum uku a babur da sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a Jibiya da wasu ƙananan hukumomi na wani lokaci. Sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, aka sake garƙame iyaka har zuwa Maris 2024. A Janairu 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ta ba talakan yankin damar shiga ƙasashen juna ba biza.

Manya suna lissafin wannan da tirelolin kaya da kuɗin shiga. Mu mata da wani abu muke lissafa shi. Cikin rufewar 2023 Allah Ya yi wa ƙanwar Inna rasuwa, uwar amaryar da muka je wa biki. Maza masu ƙarfin hali suna bi ta ɓarauniyar hanya, amma wa zai ɗauki tsohuwa ya shiga daji da ita a irin wannan lokaci? A waya Inna ta yi ta'aziyyar 'yar uwarta da suka sha nono ɗaya, tana zaune a kan tabarma, tafiyar da ba ta fi awa biyu ba ta gagare ta. 'Yata ta fari kuwa, da na bari a gida tana ƙarama lokacin bikin, ga ta ta zama budurwa ba ta taɓa taka garin kakarta ba. Rannan na ji tana ce wa ƙawarta wai mutanen Nijar kaza da kaza ne, irin maganar da yara ke tsinta a bakin titi. Na ce, "Ke, kin san su wa kike zagi? Rabin jininki ne." Hankalina ya tashi ƙwarai, domin na gane cewa layin da Turawa suka ja bai raba mu ba shekara ɗari, amma zaman gida na shekara bakwai yana neman raba mu.

Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. Waya tana da amfani, amma ba ta cin tuwon gidan mutum, ba ta ɗaukar jariri, ba ta gane goshin jikar ƙawarta. Don haka ga 'yar shawarata gare ku, musamman masu dangi a tsallake, ko Maraɗi ne ko Damagaram ko Ƙonni, kai ko da Kano ne da ƙauyen da aka haifi uwarki. Ki koya wa 'ya'yanki sunayen garuruwan da na mutanen, su san wace ce gwaggo, wane ne kawu. In an sami sarari kuma hanya ta yi lafiya, ki nemi izinin maigida ki je, ki tafi da yaro ko ɗaya ne. Kada ki jira sai mutuwa ta kira ki.

In za a tafi kuma a tafi da hankali. A tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki a ranar, ba labarin makon jiya ba. A bi ta ƙofar hukuma da takardu a hannu, a fita da safe a isa da rana, kada a yarda magariba ta riski mutum a daji. A tafi cikin jama'a, da jagoran da ya san hanya kuma aka san shi a hanya, wanda in ya ce a juya za a juya ba gardama. Ki sa hular kwano in da hali, ba ta rage wa kowa mutunci. Kuma a riƙe dokar nan ta Kawu, kowa ya riƙa waigen na bayansa, domin ayari ba ya isa sai na ƙarshe ya isa.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya maido mana da ranar da za a hango ƙurar babura a ce maraba. Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya bar mu da zumunci. Amin.